Jinin Bakwaini

Lokacin da na samu cikin 'yata ina ɗinki ne a wani ɗan shago na katako a unguwar Maamobi, bakin hanyar da ke gangarawa babban gwata, wato magudanar ruwa. Shekara uku da aure ko ɓatan wata ban taɓa yi ba, don haka ranar da aka tabbatar min a asibiti ban wuce gida ba sai da na biya Nima wajen mahaifiyata. Mma muke ce mata. Tun rasuwar babanmu take zaune ita kaɗai, tana tuyar ƙosai da safe kusa da wata mai koko. Haihuwarta shida, mu huɗu muka rayu.

A wurin awo ana ba mu wasu ƙananan ƙwayoyi jajaye na ƙarin jini, a ce kullum a sha ɗaya. Sati biyu na sha. Suna tayar min da zuciya, bakina ya wuni da ɗanɗanon tsatsa. Wata rana Mma ta zo shagona ta tarar ina ƙoƙarin haɗiye ɗaya, ta karɓi ledar ta juya ta.

"Waɗannan ne ke sa yaro ya yi ƙato a ciki, har sai an yanka mace," ta ce. "Mu da muka haife ku wane magani muka sha?"

Ba ita kaɗai ke faɗin haka ba. Matan da ke kawo min ɗinki ma na sha jin sun faɗa. Ni kuwa ba abin da nake tsoro kamar wuƙar likita. Na buɗe aljihun keken ɗinkina na jefa ledar cikin maɓallai da guntayen zare. Duk wata in na je awo a tambaye ni, in ce ina sha, a ƙaro min wasu, in kawo su in ajiye tare da 'yan'uwansu. Abin da raina ke so a lokacin shi ne ayilo, farar ƙasar nan da ake gasawa a sayar a kasuwa. Sai in wuni ina gutsura ina taka keke. In na tashi tsaye in ga duhu-duhu, in ce ai ciki ne.

Cikin na wata bakwai, wata Talata da hantsi, ina tsaye ina yanka atamfa, faya ta fashe. Na tsaya da almakashi a hannu ina kallon ƙasa. Maƙwabciyata mai sayar da sabulu ce ta tsayar da tasi. A ƙaramin asibitin unguwa suka duba ni suka yi min allura, suka ce ba nan ba ne, sai babban asibiti inda akwai kwalbar jarirai. Maigidana yana sayar da kayan gyaran mota a kasuwar Abossey Okai. Ya iso da baƙin mai a hannun rigarsa, bai ko rufe shago ba.

Kashegari da azahar na haihu. Abin da na fi tunawa shi ne ungozomar, wata dattijuwa Ba'ashanta mai furfura a goshi. Ta karɓe ta, ta goge ta, ta rufe ta da ɗumin zane a tsakanin ƙafafuna, ta kuma tsaya. Ba ta yanke cibi ba. Idonta ɗaya na kan jaririyar, ɗaya na kan agogon bango. Na ɗaga kai na ga wata 'yar halitta ja, ba ta kai tsawon takalmina da rabi ba, tana wani ɗan kuka kamar na kyanwa.

"Ku yanke mana! Ku ɗauke ta!" Da Hausa na yi ihun, na sake da Turanci.

"Twen kakra," ta ce da yarensu na Twi, wato in jira kaɗan. Ko kallona ba ta yi ba.

Minti ɗaya ne ko sama da haka kaɗan, amma na tsane ta a cikinsa. Sai da ta zo duba ni da la'asar ta yi min bayani. Ta ce jinin da ya rage a mabiyiya na jaririyar ne, in aka yi saurin yankewa an zubar mata da shi ke nan. Tun da ta fito tana numfashi da kanta, gara a bari ya gangaro jikinta, domin bakwaini jini ne abin da zai fara nema nan gaba. Na ce mata na gode, amma gaskiya ban gane ba a lokacin.

Kilo ɗaya da ɗan abu aka auna ta. Aka sa ta a kwalba a ɗakin jarirai, da roba a hanci, da wata igiya mai jan haske a ƙafa. Mu uwaye muna zaune a benci a baranda, kowace da ɗan kofi, muna tatsar nono. In an kira ki, ki wanke hannu har gwiwa, ki shiga ki tsaya ki ga ana ɗura mata ta robar. Ranar bakwai aka yi suna a gida ba ni ba ita. Aka yanka rago, liman ya yi addu'a, aka raɗa mata sunan kakar babanta. Wanzami bai zo ba, don babu kan da zai aske.

Mma ta daina tuya, kullum tana asibiti. Ba a barin ta shiga sai dai ta leƙa ta gilashi. Tana kawo min tuwo da miyar ayoyo, da malta da ta haɗa da madarar gwangwani ta ce shi ke kawo jini. Ta gilashin nan ta lura da abin da ni ban iya faɗa ba: kusan kullum sai an huda dunduniyar yarinyar ko bayan hannunta an ɗebi jini. Dugaduganta biyu duk sun yi tabo baƙi-baƙi.

Likitar da ke kula da su wata matashiya ce 'yar arewa, tana jin Hausa da karin harshen Dagomba. Wata safiya ta fito baranda ta ce min jinin yarinyar ya fara sauka. Mma ta miƙe ta gyara mayafi.

"'Yata, in tambaye ki. Kullum ku ɗiba, kullum ku ɗiba, yanzu kuma ku ce ba jini. Ina kuke so ya fito?"

Na ja gefen zanenta don ta yi shiru. Likitar ba ta ji haushi ba. Ta zauna a bencin kusa da ita.

"Mma, ba ƙarya kika faɗa ba," ta ce. "Duk jinin da ke jikinta bai cika ƙaramin kofin shayi ba. Ɗan abin da muke ɗiba, a wurinta da yawa ne. Amma in ba mu duba ba, ba za mu san abin da ke damunta ba."

Ta ce a watannin ƙarshe ne jariri ke tara guzurin da zai yi jini da shi, ita kuwa ta fito kafin ta tara. Ga shi jinin da aka haife ta da shi yana saurin tsufa, jikinta kuma bai iya yin sabo da sauri ba tukun. Daga ranar na ga an manna wata takarda a jikin kwalbar. Na tambayi nas, ta ce likita ta rubuta a riƙa haɗa gwaje-gwajen a ɗiba sau ɗaya, a cikin mafi ƙanƙantar kwalabe, kuma kada a taɓa ta sai da izininta. Mma ta ce da tun farko aka yi haka. Ban san ko tana da gaskiya ba. A kwanakin farko yarinyar ta yi ciwo sosai, an yi ta neman sanin me ke cikin jininta.

A sati na huɗu yarinyar ta canza. Ta yi fari fat, leɓenta kamar an shafa toka. Ta daina ƙara nauyi. Abin da ya fi tayar min da hankali, sai ta manta da numfashi. Na'ura ta yi ƙara, nas ta zo ta shafa mata tafin ƙafa, ta ja iska ta ci gaba. Rana ɗaya na ƙirga sau biyar a gabana. Likitar ta kira mu ni da maigida ta ce sun jira iya jira, yanzu sai an ƙara mata jini. Ta ce ba sa son yi sai dole, domin jinin wani a jikin ɗan ƙaramin nan yana da nasa haɗarin, amma barin ta haka ya fi haɗari.

Mma ta ce jinin wa? Na mashayi ko na mai cin alade? Maigida bai yi gardama da ita ba. Bayan azahar ya je ya tambayi limamin masallacinsu, ya dawo ya ce mata malam ya ce ceton rai ne, babu laifi. Fuskarta dai ba ta saki ba.

An ce a kawo wanda zai ba da jini a maye wanda za a ɗauko daga ma'ajiya. Muka tafi tare da maigida. Na ce a ɗebi nawa, ni ce uwarta. Nas ɗin wurin ta ce mai jego ba ta ba da jini. Ta kama hannuna ta buɗe tafin, ta ja fatar idona ƙasa ta leƙa.

"Ke ma ai nema kike. Ba ki sha ƙwayoyin awo ba ne?"

"Na sha," na ce.

Maigida yana kwance a gadon gefe, allura a hannunsa, yana kallon silin. Ya juyo ya yi min murmushi don in kwantar da hankali. Na fita waje na zauna a kan dakali.

Sau huɗu suka nemi jijiya a hannu da ƙafar yarinyar ba su samu ba. Daga ƙarshe nas ta kawo reza ta aske ɗan wuri a gefen kanta, a nan aka samu. Askinta na farko ke nan. Na roƙi gashin aka naɗe min a auduga. Jinin kansa ɗan kaɗan ne, cikin sirinji, yana tafiya a hankali ta siririyar roba har kusan awa huɗu. Ina tsaye ina kallo har launi ya fara dawo mata, daga kunnuwa zuwa leɓe. Kashegari na'urar ba ta yi ƙara ba ko sau ɗaya a gabana.

Ranar ce na tare likitar a bakin matakala. Na gaya mata komai, da aljihun keke da ayilo. Na ce ta faɗa min gaskiya, ni na jawo?

Ta ce, "Ba zan iya ce miki e ba, ba kuma zan iya ce miki a'a ba. Akwai matan da suka sha duka suka haifi bakwaini. Amma ƙarancin jini a uwa yana cikin abubuwan da ke sa haihuwa ta zo da wuri, wannan gaskiya ne. Kuma ƙwayar ba ta sa yaro ya gagari haihuwa." Ta rubuta min wasu ƙwayoyin. "Yanzu dai ki sha. Tana bukatar uwa mai ƙarfi."

Na so ta ce min ba laifina ba ne. Ba ta ce ba. Da yamma na gaya wa maigida a bakin ƙofar asibiti, masu motar haya ta trotro na ta kiran fasinja. Ya juya ya kalli titi. Abin da ya ce kawai shi ne, "Wata biyar kina ce min kina sha." Ya miƙo min ledar abincin da ya kawo ya tafi. Bai sake tayar da maganar ba, har yau. Ban kuma gaya masa wanda ya ba ni shawarar ba.

Daga nan aka fitar da ita daga kwalba aka koya min goyon ƙirji. A tuɓe ta daga ita sai nafkin da hula, a kwantar da ita tsakanin nonuwana, a ɗaure da zane. Haka nake wuni. Da cikinta ya karɓi nono sosai aka soma ba ta wani magani mai ruwan ƙasa-ƙasa, na sinadarin ƙarfe, ana zuƙo shi da ɗan sirinji zuwa wani layi a ɗiga mata a gefen baki. Ranar sallama, a sati na bakwai, likitar ta riƙe kwalbar maganin a gabana ta ce wannan ne zai taimaka mata ta yi nata jinin, kada a sake kaiwa ga na wani. Kullum, har tsawon watanni, ba fashi.

Mma ta tare a ɗakinmu don jego. Ta hana 'yan barka shiga, ta tsaya a bakin ƙofa tana karɓar gaisuwa a madadina. Ita ke dafa ruwa, ita ke wanki. Ni kuwa jikina ya ƙi. Da zarar na shayar da safe sai barci ya kwashe ni kamar an buge ni. Mma ta ce in bar mata maganin, in nuna mata layin kawai. Na nuna mata. Kwalbar na kan taga bayan labule, ban sake ɗaga ta ba.

Bayan sati uku muka koma asibiti ranar da aka ba mu. Aka huda dunduniya. Likitar ta dubi takardar ta ɗaga kai.

"Ya sauka sosai. Ina maganin?"

Mma ce ta haɗa jakar, kuma an ce a riƙa zuwa da shi. Na lalubo kwalbar na miƙa. Likitar ta ɗaga ta saitin taga. Kusan cike take. Ta dube ni, kuma na san abin da take tunani, tunda ta san tarihina. Mma na zaune a kujerar bayana, ban juya ba.

Likitar ta ce ko da ana ba da maganin, wannan ne lokacin da jinin bakwaini ke kai wa ƙasa. Amma in babu ƙarfe a jiki, ba ta da abin da za ta gina sabo da shi. Ta saurari ƙirjinta, ta duba nauyi, ta sa na shayar a gabanta. Ta ce lambar ta kusa layin da suke ƙara jini, amma ba lamba kaɗai suke bi ba. Tana tsotso da ƙarfi, numfashinta lafiya, nauyi na hawa. Za su ba ta sati ɗaya. In ta ƙi nono, ko numfashi ya yi sauri, ko ta yi laushi, in taho a take ko da wane lokaci ne.

Muka hau trotro muka koma gida. Sai da muka shiga ɗaki na rufe ƙofa, sannan na juyo gare ta.

"Mma, me ya sa?"

"Kwana huɗu na ba ta," ta ce. "Kashinta ya koma baƙi. Tana nishi, tana murɗe-murɗe. Ke ba ki gani ba, kina barci. Haka yayanki ya yi kafin ya tafi, kashi baƙi. Ba zan zuba wa jikata abu da hannuna in ga haka ba."

"Sai ki tashe ni! Sun ce maganin ne ke sa launin, ba komai ba ne."

"Ni ba wanda ya gaya min."

Gaskiyarta ce. An gaya min ranar sallama, ni ce ban isar mata ba. Amma a lokacin ban tsaya a nan ba. Na ce, "Ke kika hana ni shan nawa, ta fito ba lokaci ba. Yanzu kin hana ta nata. Sai kin ga an binne ta za ki huta?"

Ban taɓa ɗaga wa Mma murya ba a rayuwata. Ta dube ni, ta dubi yarinyar a ƙirjina. Ta tashi ta ninke sallayarta da zannuwanta biyu ta sa a leda. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce ruwan wanka na kan wuta, kada in bari ya ƙone. Ta fita. Da maigida ya dawo ya tambaya, na ce ta je duba ɗakinta.

Satin nan ban san yadda ya wuce ba. Kowace safiya in zuƙo maganin zuwa layi, in ɗiga, rabin ya dawo ta gefen baki, in rasa ko in ƙara ko in bari. Ina sa hannu a bayanta ina ƙirga numfashi. Ina fita tsakar gida in buɗe tafin hannunta a rana, in kwatanta da jiya, in kasa tuna yadda jiya take. Rana ta huɗu ta yi barci ya wuce lokacin shan nono, na goya ta na fita da gudu har bakin titi, sai ta farka ta kama kuka da ƙarfi. Na tsaya a gaban mai gasa ayaba ina kuka ni ma.

Da sati ya cika, jinin bai hau ba, bai kuma sauka ba. Likitar ta ce a ƙara sati biyu. Da muka koma ya ɗan motsa sama. Ta ce jikinta ya kama aiki. Ba a sake ƙara mata jini ba. Na ci gaba da ɗiga maganin har ta kusa shekara.

Mma ta yi wata biyu ba ta tako gidanmu ba. Ni na je, da yarinyar a baya. Na same ta a bakin kasko tana kwashe ƙosai. Na durƙusa na gaishe ta, na ce ta yafe min. Ta ce, "Ba komai," ba tare da ta ɗago ba, ta zuba min ƙosai a takarda. Na kwance goyon na miƙa mata. Ta goge hannu a zane, ta leƙa fuskar yarinyar, ta yi mata addu'a, amma ba ta karɓe ta ba. Ta ce hannunta da mai.

Yarinyar yanzu shekararta biyar. Ita ce mafi ƙanƙanta a ajinsu, kuma ta fi kowa surutu. Tana son kakarta, in mun je Nima takan haye cinyarta da kanta. Mma na yi mata kitso, tana saya mata 'yan kunne. Amma ko ruwa yarinyar ta roƙa, sai Mma ta ɗebo ta miƙo min kofin ta ce, "Ungo, ba ta."